Hular Kwano a Kan Hijabi: Gardamar Yayata da 'Yarta

Yayata tana da shekara 56, malamar firamare ce, kuma da kanta take tuƙa kanta zuwa makaranta. Bayan da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin A Daidaita Sahu ya fara lashe ɗan abin da ke saura a albashinta, sai ta jira kwasar adashinta ta sayi mashin roba-roba na hannu. A filin ƙwallon makarantarsu ta koya, da la'asar bayan yara sun watse. Da ta fara hawa, kowace safiya za ka gan ta da riga da zane na atamfa, hijabi har idon sawu, silifas a ƙafa, jakar littattafai rataye a gaban mashin.

'Yarta ta fari ma'aikaciyar jinya ce, a ɗakin da ake fara karɓar waɗanda suka yi haɗari take aiki. Da ta zo hutun ƙaramar salla sai ta sauke wata ƙatuwar jaka a tsakar ɗaki. Ga hular kwano mai rufewa har haɓa, ga jaket mai kauri da aka cusa wa roba a kafaɗu da gwiwar hannu da gadon baya, ga safar hannu da wando mai tauri da takalmi mai rufe idon sawu. Yaya ta duba, ta sa albarka, ta tura jakar ƙarƙashin gado. Daga nan gardama ta tashi. Da yake Yaya ko sunan 'yar fari ba ta kamawa, balle ta zauna musu da ita, ni na zama ɗan aike a tsakaninsu. Wannan ta ce, "Ka gaya wa yarinyar nan na gode, amma ta bar ni." Waccan ta ce, "Kawu, don Allah ka yi wa Umma magana, kai tana jin taka."

Wata da watanni ina kai gwauro ina kai mari, har na gane cewa maganar ta wuce gidanmu. A Wagadugu da Tamale mace a kan mashin ba abin kallo ba ce tun da daɗewa, a Yamai da Maraɗi ma haka abin ke tafiya, kuma a garuruwanmu na Arewa malamai da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa mata sai ƙaruwa suke a kan titi. Da yawansu sun haura arba'in, sun aurar da 'ya'ya. Me ya kamata irin wannan mace ta sa a jikinta?

Hujjar 'yar ta fara ne da magana ɗaya da har yau take min yawo a kunne: "Kawu, ni nake wanke su." Ita ce ke ɗaukar auduga da ruwan gishiri tana tsince tsakuwa da yashi daga naman cinyar da kwalta ta kankare. Ta ce atamfa, komai tsadarta, ba ta ko jinkirta wannan kankara. Ja ɗaya a kan titi ta yage. Yadin roba kuwa ya fi muni, domin idan ya gogi kwalta ko ya taɓa salansa narkewa yake ya manne da fata. Ga tafin hannu, wanda shi ne farkon abin da mutum ke kaiwa ƙasa ba da saninsa ba. Ga ƙafa, wadda silifas ke gudu ya bari tun kafin mai shi ya kai ƙasa.

Da Yaya ta aiko da cewa ai ita ba ta gudu, 'yar ta yi min lissafin da na je na sake yi da kaina na ga daidai ne. Wanda ya yi karo da abu yana tafiyar kilomita 50 a awa, kamar ya faɗo ne daga tsayin mita 10, wato saman bene. Ko a kilomita 30, wanda Yaya ke kira lallaɓawa, faɗuwar ta kai ta mita uku da rabi, ta fi a tunkuɗo mutum daga kan katanga. Sannan ba gudunki kaɗai ake lissafawa ba, har da na yaron da zai fito daga lungu bai duba ba. A kan hular kwano kuwa ba ta yarda a yi ciniki ba sam. Nazarin Cochrane na 2008, wanda ya tattara bincike masu yawa wuri guda, ya nuna hular tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69.

Inda ta fi taɓa ni shi ne batun shekaru. Mu nan mun ɗauka kayan kariya na samari ne masu wasa da mashin, dattijuwa mai natsuwa ba ta buƙata. Jiki kuwa akasin haka yake faɗa. Idan mace ta daina al'ada, sinadarin istirojin da ke riƙe mata ƙarfin ƙashi yana ja baya, ƙashi ya riƙa zaizayewa a ɓoye, ba ciwo ba alama. Ƙididdigar da masana ciwon ƙashi ke bayarwa a duniya ita ce mace ɗaya cikin uku da suka haura 50 za ta samu karaya saboda wannan zaizaya. Faɗuwar da budurwa za ta tashi ta kaɗe zane, ita ce za ta kai uwarta wurin mai ɗori ko asibitin ƙashi na Dala da karyayyen wuyan hannu ko ƙugu. Fata ma tana sirancewa, miki yana daɗewa bai warke ba, in kuma akwai ciwon suga to ɗan ƙunan salansa a ƙwauri zai iya zama jinyar watanni.

Da na kai wa Yaya wannan duka, sai ta bar ni na gama, ta ce, "To zauna ka ji nawa."

Ta fara da zafi. Ta ce yarinyar nan ta manta ƙarfe biyu na rana ake tashi daga makaranta? A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, wa zai sa baƙar jaket mai kauri a kan riga, a ƙarƙashin hijabi, ya tsaya a danja? Ta ce ita da ma a wannan shekarun wani zafi ke taso mata daga ciki ba gaira ba dalili, gumi ya karyo mata ko da asuba. Ta gwada jaket ɗin sau ɗaya, kafin ta kai rabin hanya jiri ya fara ɗibarta. Wannan ba raki ba ne. Mahayin da zafi ya galabaitar hankalinsa yana raguwa, hannunsa yana jinkirin kai wa burki, kuma rigar da ta jawo faɗuwa ba za a yabe ta don ta tare ƙurjewa ba. Waɗanda suka tsara yawancin kayan nan suna zaune ne a ƙasashen da sanyi da ruwan sama suka fi damun mai babur.

Ta biyu, ɗinkin. An yanka jaket ɗin ne a kan jikin namiji, ko na siririyar budurwa. Mace mai haihuwa bakwai tana da ƙirji da ciki da ƙugu. Wadda ta rufe mata ciki hannunta ya zarce yatsu, robar da aka ce ta gwiwar hannu ce tana lilo a wani wuri daban. Ita kanta 'yar ta amsa cewa robar da ba ta zauna daram a kan gaɓa ba, ranar faɗuwa gocewa za ta yi.

Ta uku, kuɗi. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 aka mayar da shi a 2024, kuma cikakkun kaya na asali daga waje suke zuwa, da dala ake sayo su. Yaya ta ce ita ta yi sa'a tana da 'ya mai albashi. Abokiyar aikinta da ke hawa da jikoki biyu a baya fa? Idan aka ce ko duka ko babu, to babu za ta zaɓa.

Sai ta huɗu, wadda ta faɗa da murya ƙasa-ƙasa, kuma na san ita ce babba. "Ni iyayen yara ke gani su rusuna. Na koyar da su, ina koyar da 'ya'yansu. Ka ce in shigo makaranta da wando da jaket kamar ɗan acaɓa?" Wanda bai zauna cikinmu ba zai ce wannan girman kai ne. Ni ban ce ba. Mutuncin da macen da ta manyanta ta tara shi ne jarinta, da shi take sasanta ma'aurata, da shi take tsawata wa ɗan maƙwabta ya ji. Kuma hawan mashin ɗin kansa sai da ta sha surutu kafin unguwa ta saba. Tana ganin idan ta ƙara da shigar da za a riƙa nuna ta da baki, masu cewa da ma bai dace ba sun samu abin faɗa. A ƙarshe ta ɗan taɓo cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma ba ta tsaya a kai ba, domin ita ce mai kulle ƙofa da kwaɗo biyu kowane dare, ta kuma san tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba.

Akwai wani bincike da ya ba kowaccensu gaskiya, ya kuma rage wa kowacce. A 2011 Liz de Rome da abokan aikinta a Ostareliya suka wallafa abin da suka gano bayan bin diddigin mahaya babur 212 da suka yi haɗari. Waɗanda ke sanye da jaket ko wando ko safar hannu na babur sun fi tsira daga kwanciya a asibiti, kuma kayan da ke da robar gaɓoɓi sun rage rauni sosai. Har takalmi sau-ciki mai rufe idon sawu wanda ba na babur ba ya fi takalmin yawo. Wannan na 'yar ne. Amma binciken bai ga alamar cewa robar tana hana karaya ba, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kayan sun yage a haɗarin. Wato abin da 'yar ta fi tsoro game da shekarun uwarta, karyewar ƙashi, jaket ba ta yi alkawarin tare shi ba. Fata da nama take karewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai shekara 56, sai dai ya kamata a faɗe shi yadda yake, kada a sa mace ta ɗauka ta shiga sulke.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne duk tsawon gardamar nan ba wadda ta ambaci abin da ni na fi jin tsoro. Wata safiya na bi bayan Yaya a kan nawa mashin, sai na ga gefen hijabinta yana kaɗawa, yana sauka, yana shafar tayar baya, iska ta ɗaga shi, ya sake sauka. Gabana ya yi ta faɗuwa har muka isa. Tayar ƙaramin mashin a tafiyar kilomita 30 tana juyawa kusan sau biyar a daƙiƙa ɗaya. Idan wayoyin taya ko sarƙa suka cafki bakin yadi, kafin ƙiftawar ido sun naɗe fiye da kamu guda. Gyale ko mayafi wataƙila ya zame ya bar mai shi. Hijabi kuwa zagaye yake da fuska da wuya, ba shi da hanyar fita, kuma yadin da ake yayi yanzu mai talewa ne, ba ya yagewa da sauƙi. Zai fizgo mace ta baya, ta wuya, ƙeyarta ta fara isa ƙasa. Ba sai an yi karo da kowa ba, ba sai ta yi gudu ba. Duk wanda ya zauna a garin da ake acaɓa ko kabu-kabu ya taɓa jin an yi wa wata ihu a titi, "Hajiya, hijabinki!" Kuma kusan kowa ya san gidan da ihun bai zo da wuri ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A 1927 shahararriyar mai rawa Isadora Duncan ta mutu a birnin Nice na Faransa lokacin da dogon gyalenta ya naɗe a tayar buɗaɗɗiyar motar da take ciki. Indiya, inda mata ke ɗaura sari mai tsawon gaske, ta sa abin a doka tun 1989: dole babur ya kasance da abin da zai rufe aƙalla rabin tayar baya don kada tufafin wanda aka goya su shiga. Ba su ce mata su daina sa sari ba, mashin ɗin suka yi wa gyara. Irin wannan raga mai walda na bakin titi zai iya ƙera ta da kuɗin da bai kai na turmin atamfa ba. Haka murfin sarƙa, wanda makanikai kan cire su jefar don yana ƙara, mayar da shi ya fi jaket gaggawa.

A nan ne na daina zama ɗan aike na fara faɗin nawa. Ina ganin 'yar ta yi kuskure da ta kawo kayan a jaka ɗaya, kamar darajarsu ɗaya. Yaya kuma ta yi kuskure da ta tura su ƙarƙashin gado a jaka ɗaya. Cikin abin da ke jakar akwai wanda ke tsakanin rai da mutuwa, akwai wanda ke tsakanin tabo da rashin tabo, kuma hujjojin Yaya masu ƙarfi duk a kan kashi na biyu suka sauka.

A kan hular kwano ban ga inda Yaya za ta tsaya ba. Mun san tarihinmu da ita. Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa ta a ranar 1 ga Janairun 2009, an ga 'yan acaɓa a Kano da ƙwarya a ka, fasinjoji kuma suna ƙin hular saboda tsoron cutar fata ko asiri. Wannan tsoron na hular da ake karɓa-karɓa ne, bai shafi mai tata ta kanta ba. Batun addini ma bai taso ba. Mabiya addinin Sikh a Birtaniya sun samu dokar da ta ɗauke musu hular a 1976 domin rawaninsu ba ya shiga ciki, hijabi kuwa lafiya lau yake shiga. Miliyoyin mata Musulmi a Indunusiya da Maleshiya kullum da hula a kan hijabi suke fita. Abin da ke hana ta zama a kanmu shi ne tudun ɗaurin ɗankwali da acuci-maza da gashin da aka tufke a ƙeya. Kitso kwantacce da hijabi mara allura, shi ke nan. Sai a kula da abu uku. Ta kama kai cif, ba ta juyawa idan an girgiza. A ɗaure igiyar haɓa, domin hular da ba a ɗaure ba tana riga mai ita tashi. Sannan a guji ta gwanjo da ta magina: abin da ke shanye bugu farin soso ne mai tauri da ke ciki, kuma idan ya taɓa shan bugu sau ɗaya ya gama aiki ko da bayan hular na sheƙi. Ta ƙwarai takan zo da tambarin gwaji, irin su ECE 22.05 ko 22.06 na Turai da ake ɗinkawa a igiya, ko DOT na Amurka, duk da cewa 'yan jabu ma sun iya buga tambari, don haka wurin saye yana da muhimmanci. Mai rufe haɓa ta fi, nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi ne. Idan wuya ba zai ɗauka ba, ko tabarau na hana ta shiga, akwai wadda gabanta ke ɗagawa. Ko buɗaɗɗiyar ma, da babu gara ba daɗi.

Takalmi da wando ma ban ga abin musu ba, don ba sa taɓa mutuncin kowa. Wandon jins mai kauri a ƙarƙashin doguwar riga ba wanda zai gani, ya kuma fi zane sutura ranar da aka faɗi a tsakiyar kasuwa. Da na faɗa wa Yaya haka sai ta yi shiru, na san maganar ta shiga. Zane yana ɗaure ƙafafu a daidai lokacin da ake son a sauke ƙafa ɗaya da sauri a tokare. Takalmi kuwa kowane mai rufe yatsu da diddige da idon sawu, mai ƙasan da ba ya santsi, ya wadatar, in ta isa ta canza zuwa silifas ɗinta. Safar hannu ta fata a jaka take kwana, ba ta da nauyi. Da magariba ko cikin hazon hunturu, baƙar abaya a kan ƙaramin mashin ba ta ganuwa sai an zo dab, saboda haka hula fara da hijabi mai haske sun fi.

Jaket ce kaɗai na kasa yanke hukunci a kanta, kuma har yanzu ina jin nauyin ɓangarorin biyu. Akwai mai raga-raga da iska ke ratsawa, masu launi mai haske, kuma ma'aunin Turai na EN 17092 ya kasa kayan zuwa matakai, daga cikinsu akwai A da AA da AAA, inda A ta fi sauƙi da shan iska, an yi ta ne don zirga-zirgar cikin gari. Irin wannan ce ta dace da Yaya, ba mai kaurin da aka kawo mata ba. Amma samunta a kasuwanninmu da girman jikin dattijuwa aiki ne. Na sha tunanin telolinmu, waɗanda ke iya fitar da riga daidai jikin kowace mace da kallo ɗaya. Za su iya ɗinka aljihu a gwiwar hannu da kafaɗa a zura robar da aka sayo, a kan yadi mai kauri, a yi ta da tsawo yadda za ta shige cikin shigar mutunci. Sai dai 'yar ta ja min kunne, kuma da gaskiyarta: ɗinkin da ba a gwada ba yana iya farkewa a jan farko, mace ta fita da ƙarfin gwiwar da ba shi da tushe.

Yanzu dai Yaya tana fita da farar hular kwano, don baƙar da 'yar ta kawo an mayar an canzo. Ta sa tela ya yi mata hijabin hanya guda biyu masu tsayawa a ƙugu, dogon kuma yana naɗe a jaka, a bakin ƙofar makaranta take zura shi. Mai walda ya yi wa tayar baya raga. Wando ya shiga, takalmi ya shiga, safar hannu wata rana a sa wata rana a manta. Wasu malamai biyu a makarantarsu sun tambaye ta inda aka yi mata ragar.

Jaket tana nan a ƙarƙashin gado. Ranar Juma'ar da ta wuce 'yar ta sake bugo min waya, na je na isar da saƙo. Yaya tana yankan kuɓewa, ba ta ɗago ba ta ce, "Ka ce wa yarinyar nan ta bari bazara ta wuce. In hunturu ya shigo zan sake gwadawa."